Furannin Teku Uku a Ɗakin Wanki

Ranar da furannin teku suka iso, ban iya gama yankan gilashin da ke kan teburina ba. Sana'ata ke nan, yankan gilashi da haɗa shi, tagogi da madubai da kantocin shaguna. Shekara talatin ina yi hannuna bai taɓa kauce wa layi ba, amma ranar sai da na ɓata falle biyu. Da mai shagon kifi ya kira ya ce, "Kayanku sun sauka," ban ma tsaya share tebur ba. Na ja ƙofar shago, na bi ta wurin Dogo na ɗauke shi.

Dogo mai gyaran firiji ne, abokina tun muna samari, kuma shi ya jefa ni cikin harkar kiwon kifin teku a gida. Shekara shida da suka wuce na haɗa tankina da hannuna, mai tsawon ƙafa shida, na kafa shi a falo. Ruwan gishiri ne a ciki, da murjani mai rai, ba irin wanda ake sawa a wuya ba, da kifi tara. Cikinsu akwai biyu da na fi ƙauna, 'yan ƙanana masu ruwan lemo da farin zane, muna ce musu Ango da Amarya. A teku irinsu a cikin furen teku suke zama. Nawa kuwa tun da suka zo duniya ba su taɓa ganin ko ɗaya ba, a jikin injin tura ruwa suke rakuɓewa kamar 'yan haya.

Shi furen teku, wanda a littafi ake ce wa anemoni, sunan fure kawai ya ara. Dabba ce. Yana da ƙafa ɗaya mai manne wa dutse, da baki a tsakiya, da yatsu masu yawa masu laushi waɗanda ke harbin duk abin da ya taɓa su, in ban da irin su Ango da Amarya. Wata huɗu muna jiran biyar da muka yi oda, uku nawa, biyu na Dogo. Da mai shago ya ɗaga leda ɗaya a haske, na ga abu ja kamar garwashi yana motsi a hankali cikin ruwa, sai na ji bakina ya ƙi rufuwa.

"Yau ɗin nan nawa za su kwana a tanki," in ji Dogo, yana rungume da kwalinsa. "Kai fa?"

"Kafin ka isa gida na riga ka," na ce.

Na shiga falo da kwali a ƙirji, ko sallama ban gama ba na durƙusa gaban tanki na fara kwance ledoji. Sai na ji ƙarar sanda a bayana, ƙwas, ƙwas.

"Auta, me kake shirin yi?"

Yayata ke nan. Ta girme ni da shekara goma sha biyu, kuma ko da furfura ta cika mini gemu, Auta nake a bakinta. Nas ce da ta yi ritaya, ta shekara talatin a sashen masu cuta mai yaɗuwa. An yi mata aiki a gwiwa, ta zo gidanmu jinya, kuma zaman ya ishe ta. Ta karance duk jaridun gidan, ta gyara wa matata jerin tukwane sau biyu, daga ƙarshe ta koma zama gaban tanki tana yi mini tambayoyi. Ni kuma da son a ce na sani, na zazzage mata komai.

"Sa su zan yi, Yaya. Zo ki ga wannan jan!"

"Na gan shi, tubarkalla. Amma ba kai ka ce mini duk abin da ya fito daga wani ruwa sai an killace shi kafin ya shiga nan ba?"

"Ai kifi nake nufi. Waɗannan ba sa kamuwa da cutar kifi."

"Ba sa kamuwa," ta maimaita. "Suna ɗaukowa?"

Gaskiyar ita ce suna iya ɗaukowa. Akwai wata cuta mai fito wa kifi da fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri. Ƙwayarta kan faɗo daga jikin kifi, ta manne a dutse ko a duk wani abu mai tauri da ke ruwan, ta lulluɓe kanta ta yi kwanto. Ɗan dutsen da fure ya zo a kai ya ishe ta mota. Na san wannan sarai. Amma saura kwana goma sha biyu 'yan ƙungiyarmu ta masu tanki su zo gidana, don duk wata gidan mutum ɗaya ake haɗuwa, kuma na riga na cika baki cewa za su tarar da Ango da Amarya cikin sabon gida.

"Sau ɗaya dai, Yaya. Shagon nan mai tsafta ne."

"A asibiti ma da tsafta," ta ce. "Amma na ga cuta ta tsallaka ɗaki uku a hannun rigar likita, shi kuwa ko atishawa bai yi ba. Ɗauko kwalinka."

Matata, wadda kowa ke ce wa Malama don lissafi take koyarwa a sakandare, ta leƙo daga kicin tana danne dariya. "Ni dai ba ruwana," ta ce. "Amma in wuri kuke nema, akwai kanta a ɗakin wanki."

Haka muka kwashe sabulai da kwandon kaya, na ɗauko wani ƙaramin tanki da ke ajiye a sito na wanke shi. Na ɗebo ruwa daga babban tanki na cika shi, na sa hita da fitila, na ɗaure wa ɗan injin tura ruwa soso a baki, don furen teku yawo yake yi, kuma in ya faɗa injin sai dai a kwashe shi gutsu-gutsu. Yaya ta zauna a kan kujerar roba, ƙafa a miƙe, tana ba da umarni kamar ta shekara tana wannan aiki. Muka juye furannin a roba, muka riƙa ɗiga musu sabon ruwan ta siririn tiyo, ɗigo-ɗigo, har awa guda, don kada canjin ya gigita su. Ruwan da suka zo a ciki kuwa ta sa na tuttular a magudana, ta bi shi da ruwan zafi.

Da muka sa su, sai suka takure kamar tsumma. Muka tsaya mu uku muna kallo. Can sai jan ya fara kumbura. Yatsa ɗaya ya miƙe, sai biyu, sai ga shi ya buɗe gaba ɗaya, faɗin tafin hannuna, kowane yatsa da ɗan kumburi a kai kamar ƙwan fitila.

"Kai! Kai! Kai!" in ji Yaya, tana buga sanda a ƙasa. "Malama, kin ga ikon Allah? Auta, matsa ka ba ni wuri, kanka ya tare mini!"

Kafin a ci abincin yamma ta riga ta raɗa musu suna irin na asibiti. Jan shi ne Gado na Ɗaya, koren Gado na Biyu, mai ruwan ƙasa da shunayya a kan yatsu Gado na Uku. Ta manna takarda a ƙofa, ta ja layuka: zafin ruwa, yawan gishiri, wa ya ci, wa ya ƙi, wa ya matsa daga wurinsa. Ta sa jan salatif a bokiti ɗaya, da tawul ɗaya, da cokali ɗaya, ta ce waɗannan sun zama 'yan ɗakin wanki har abada. In zan yi aiki, in fara da falo in ƙare da ɗakin wanki, ba a juyawa. In na fito, sabulu har gwiwar hannu.

"Har kwana nawa?" na tambaya.

"Kai za ka gaya mini. Me littafinku ya ce?"

"Wasu sun ce arba'in da biyar," na faɗa ciki-ciki.

Ta rubuta shi da manyan baƙaƙe a saman takardar.

Washegari da safe Dogo ya turo mini bidiyo. Ga furanninsa biyu a tsakiyar tankinsa, ga kifinsa mai ruwan lemo yana birgima a ciki kamar yaro a sabuwar katifa. A ƙasa ya rubuta, "Ina naka?" Na kalli bidiyon ya fi sau goma a shago. Wani ya zo sayen madubi, na tsaya ina nuna masa kifin wani.

Amma ɗakin wankin ma ya fara ja na. Ranar da muka fara ba su abinci, na yanka jatan lande ƙanana, Yaya ta karɓe dogon hantsaki ta ce ita za ta ba majinyatanta. Tana ɗora wa Gado na Biyu, yatsun suka naɗe abincin caraf, suka miƙa shi baki, duk jikin ya rufe kamar an zuge bakin jaka. Yaya ta saki ihu har Malama ta baro takardun ɗalibai da jan biro a hannu. Daga ranar, in na dawo aiki ba a tambayata gajiya. Tun daga ƙofa ake tare ni da labari: na Ɗaya ya hau gilashi, na Uku ya yi fushi ya juya wa fitila baya.

A kwana na huɗu Yaya ta kira ni a waya. "Rufe shagon nan ka zo."

Na tarar da ita da tocila da gilashin ƙara girma wanda take karatu da shi. Ta haska ɗan dutsen da Gado na Uku ya zo a kai. Da farko ban ga komai ba. Sai na ga wani ɗigo mai launin tsatsa, bai kai ƙwayar riɗi ba, yana silalawa. Sai na ga na biyu. Muka ƙirga goma sha ɗaya. Wasu tsutsotsi ne masu faɗi, waɗanda in suka samu babban tanki sai su hayayyafa su rufe murjani kamar tabarma.

"'Yan rakiya," in ji Yaya, idonta na ƙyalli. Wallahi murna take yi, kamar mafarauci ya ga sawu. Muka zuƙe su ɗaya bayan ɗaya da siririn tiyo. Bayan kwana biyu furen ya sauka daga dutsen da kansa ya koma gilashi, na cire dutsen na jefar.

Ka ce wannan ya ishe ni darasi. Bai isa ba. A kwana na tara, saura uku baƙi su zo, Yaya ta tafi asibiti gashin gwiwa. Na tsaya gaban Gado na Ɗaya, yana buɗe, lafiyayye, ba tabo ko ɗaya. Na ce a raina wannan kam me zai ɗauko? Na ɗauko roba, na zura hannu na fara lallaɓa gefen ƙafarsa don ya saki gilashi.

"Sannu da aiki," in ji Malama daga ƙofa, da kwandon wanki a kunkuminta.

Na daskare da hannu a ruwa.

"Ni ban ga komai ba," ta ce. "Amma ka san in Yaya ta tambaye ni, ban iya ƙarya ba. Kuma kullum sai ta tambaya."

Na zare hannuna. Furen ma ya ba ni nasa hukuncin, don ban sa safar hannu ba, wuyan hannuna ya yi ja ya kwana biyu yana ƙaiƙayi. Da Yaya ta dawo, kallo ɗaya ta yi wa hannun, ta kalli fuskata, ta miƙo mini man shafawa. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ranar taro mutum tara suka zo. Na share gilashin falo har yana ɗaukar ido, na shirya abin da zan ce in an tambaye ni ina furannin. Ashe wahalar banza na yi. Suna jin cewa akwai sababbi a ɗakin wanki, suka bar shayinsu suka yi layi a lungu. Yaya ta kafa kujera a bakin ƙofa.

"Biyu-biyu, minti biyar. Ba taɓawa. Wanda ya taɓa tankinsa yau ya wanke hannu tukuna."

Manyan mutane, har da wani tsohon likitan dabbobi wanda shi ne shugabanmu, suka bi layi suna wanke hannu kamar 'yan firamare. Likitan ya tsaya ya karanta takardar ƙofa daga sama har ƙasa, ya ɗauki hotonta, ya ce shekara goma yana roƙon 'yan ƙungiya su yi haka ba wanda ya saurare shi. Ni da nake jin kunya, sai ga ni ina ta bayani ina ɗaga kafaɗa, kai ka ce shawarata ce. Malama ta kalle ni ta gefen ido, na rage murya.

Dogo kuwa tsiya ya yi ta yi mini. "An kwantar da lafiyayyu a asibiti! Nawa sun yi ƙiba, kifina har ba ya gaishe ni. Shuɗin kifin nan nawa ma don murna sai goga jikinsa yake yi a dutse."

Likitan dabbobi ya ajiye kofinsa. "Goga jiki? Tun yaushe?"

"Shekaranjiya."

Yaya da likitan suka kalli juna. "Dogo," ta ce, "je ka gida yanzu ka haska shi da tocila."

Bayan awa ɗaya ya kira ni, muryarsa ta canza. Fararen ɗigo ne a jikin shuɗin, har da fiffike. Kafin sati ya zagayo sun bazu. Na rufe shago kwana biyu na koma gidansa. Muka kwashe duwatsun tankinsa ɗaya bayan ɗaya don mu kamo kifin, muka zuba su a babbar roba muka fara ba su magani, don maganin cutar in ya shiga tanki yana kashe murjani da furanni. Duk da haka huɗu suka mutu, har da shuɗin da ya shekara takwas a wurinsa. Na ga Dogo, ƙaton mutum mai ɗaukar firiji shi kaɗai, ya naɗe kifi a takarda yana share ido da hannun riga. Ba wanda zai rantse cewa furannin ne suka kawo cutar. Amma wata bakwai ba abin da ya shiga tankinsa sai su, kuma daga kwali ɗaya aka raba mana.

Da na koma gida Yaya ta tare ni a ƙofa, ta ce in wuce banɗaki kai tsaye in canza kaya. Da na fito na tsaya gaban tankina na ƙirga kifina. Tara. Na sake ƙirgawa. Ango da Amarya suna nan jikin injinsu suna rawar da suka saba. Sai na tuna robar da na ɗauko a kwana na tara.

"Na yi magana da likitan nan," in ji Yaya. "Ya ce ƙwayar in ta ƙyanƙyashe ba ta samu kifi ba, kwana ɗaya ko biyu ta mutu. Amma akwai masu nauyin barci, sai su wuce wata biyu ba su farka ba. Tunda mun san kwalin nan ba shi da gaskiya, sai mu jira ta ƙarshe."

Ta soke arba'in da biyar ta rubuta saba'in da shida. Wannan karon ni na miƙa mata biro.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Gwiwar Yaya ta warke har ta ajiye sanda. Babban ɗanta ya kira sau uku zai zo ya ɗauke ta, tana ce masa, "Ina da marasa lafiya, ba na barin aiki a tsakiya." Dogo ya riƙa zuwa da yamma, ya wanke hannu ba sai an ce masa ba, ya zauna a kan injin wanki yana kallo. Tankinsa ma an bar shi ba kifi, yana nasa zaman jiran.

A kwana na hamsin da biyu, da sassafe, na shiga na tarar da Gado na Ɗaya ya lalace. Ya saki jiki, launinsa ya dushe, bakinsa ya wage, ƙafarsa ta miƙe ta yi tsawo, rabi ta kama gilashin gaba, rabi ta kama na gefe, kamar ana jan ƙullin fulawa. Na ƙwala wa Yaya kira. Furen teku in ya mutu narkewa yake yi, ya ɓata ruwan ya kashe na kusa da shi. Na ɗauko roba zan cire shi.

"Tsaya." Ta sunkuya ta shinshina ruwan. Ta haska tocila. "Ba wari. Kuma dubi yadda ya riƙe gilashi. Mai mutuwa ba ya riƙo haka, Auta, saki yake yi. Wannan aiki yake yi."

"Wane aiki?"

"Ban sani ba. Jawo kujera."

Ban je shago ba. Malama ta tafi makaranta tana waiwaye, ta ce a kira ta ko tana cikin aji. Muka zauna ni da Yaya, shayinmu ya huce a kan injin wanki. Tsakiyar furen ta yi ta sirancewa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata 'yar ɓaraka ta bayyana a gefen bakin, ta yi ta tafiya a hankali. Sai a lokacin abin da na taɓa karantawa ya faɗo mini.

"Yaya! Rabuwa yake yi! Biyu zai zama!"

"Biyu kamar yaya?"

"Biyu! Haka suke haihuwa!"

Ta dafe ƙirji. Da zaren ƙarshe ya tsinke, kowane rabi ya ja jikinsa gefe ya dunƙule, Yaya ta miƙe tsaye ta manta da gwiwa, ta kama kafaɗuna tana girgiza ni. "Shekara talatin a asibiti ban taɓa karɓar haihuwa ba, sai yau a ɗakin wanki! Kira Malama! Kira Dogo!"

Malama ta ce da ta ga saƙon ta yi ƙara a gaban allo har ɗalibai suka zaci wani abu ya cije ta. Dogo ya iso da kayan aiki a hannu, ya bar firijin wani a buɗe. Cikin sati ɗaya kowane rabi ya haɗe bakinsa ya zama cikakken fure. Yaya ta ƙara layi a takarda ta rubuta Gado na Huɗu, ta ce wannan na Dogo ne, ranar da aka sallami kowa. Dogo na jin haka, sai ya kama gyara mana murfin injin wanki da ba wanda ya ce ya lalace.

Ranar sallama ta faɗo a ƙarshen mako. Tun da safe gidan ya kasa zama. Yaya ta yi musu dubawar ƙarshe da tocila, ta sa hannu a ƙasan takarda. Na sa safar hannu, na lallaɓa ƙafafunsu da bayan cokali har suka saki, muka ɗauraye su a sabon ruwa, muka sake yi musu ɗigo-ɗigo. Na Dogo ya tafi a roba, ya rungume shi yana taka matakala kamar mai ɗauke da ƙwai. Sauran ukun na ɗora su a kan duwatsun gaba, daidai inda mai zama a doguwar kujera zai gan su. Suka buɗe a ƙarƙashin babbar fitila, ja da kore da shunayya, suna kaɗawa da ruwa. Malama ta ce falon ya zama kamar na wasu.

Ango da Amarya suka zo suka tsaya nesa, suka kalla, suka koma jikin injinsu.

"Ku shiga mana!" na ce, ina nuna musu da yatsa. "Kun san abin da aka sha a kanku?"

Kwana biyar suna yi mana haka. Shi kuma jan, wurin da na zaɓa masa bai yi masa ba. Kullum sai ya matsa kaɗan, har ya zagaya bayan duwatsu ya kafe a can ƙarshen tanki, gefen da kabad ɗin littattafan Malama ya tare. In kana falo ba ka ganin komai sai kan yatsu biyu-uku.

A rana ta shida muna karyawa, Malama ta ce, "Ina Amarya?"

Muka duba jikin injin, ba ta nan. Ango ma babu. Na manna kumatuna a bango na leƙa ta 'yar tazarar da ke tsakanin kabad da tanki. Ga su can. Amarya ta nutse cikin jan furen har ba a ganin komai sai fuskarta, tana juyi tana goga ciki, Ango yana gefe yana shiga yana fita kamar bai yarda da sa'arsa ba.

"Sun shiga!" na yi ihu. "Wallahi sun shiga!"

"Matsa in gani!" in ji Yaya.

"Wurin mutum ɗaya ne!"

"To a ɗauke kabad ɗin mana!"

Malama da kanta ta fara kwaso littattafanta tana jibgewa a ƙasa. Muka ja kabad zuwa lungu, muka juya doguwar kujera ta koma fuskantar ƙarshen tanki, teburin cin abinci ya tare hanyar kicin. Muna cikin haka aka buga ƙofa. Ɗan Yaya ne, ya gaji da waya ya zo da mota. Ya tsaya yana kallon falo a hargitse, ga mu mu uku a matse a kujera ɗaya mun ba ƙofa baya.

"Mama, lafiya? Tashi kuke yi?"

Yaya ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ɗaga hannu ta yafito shi.

"Zo ka zauna, ka yi shiru. Ango zai sake shiga."